Iyakokin Ƙagaggen Faifai: Shawarar da Bai Kamata Ofisoshin Ƙaraye da Rogo Su Bar wa Ɗan Kwangila Ba

Gabatarwa

A duk ofishin da aka sayo babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke ajiye bayanansu a cikinta, wadda ake kira uwar garke ko saba, akwai wani aiki da ake yi ranar farko wanda bai cika wuce kwata na awa ba. Mai haɗa na'urar zai buɗe shafin katin da ke sarrafa faya-fayan ajiya, ya zaɓi faifai uku ko huɗu, ya umarci katin ya dunƙule su su zama ma'ajiya guda. Wannan ma'ajiyar da katin ya ƙaga, wadda kwamfutar za ta riƙa gani kamar faifai ɗaya alhali da yawa ne, ita ce ƙagaggen faifai. Shugaban ofis ba ya wurin a lokacin, ma'aji ba ya wurin, kuma da wuya a rubuta zaɓin da aka yi a takarda. Amma wannan zaɓin ne zai tabbatar ko jerin albashin ma'aikata, ko bayanan marasa lafiya, ko rajistar filaye da gonaki za su tsira ranar da faifai ya mutu.

Wannan maƙala na da ra'ayin cewa iyakokin da kamfanoni ke rubutawa a littattafan katunansu rabin labarin ne kawai. Ɗaya rabin yana cikin yanayin wurin da na'urar za ta zauna, wato wutarsa da zafinsa da ƙurarsa da nisansa daga kasuwar kayan gyara. A ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, wannan rabin na biyu ne ya kamata ya ja ragamar zaɓi, ko da hakan zai sa a rasa wani kaso na girman ma'ajiyar.

Me ya sa Ƙaraye da Rogo?

Ƙananan hukumomin biyu suna yammacin Jihar Kano, suna da wakili guda a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma tun daga watan Yulin 2024 su ne suka haɗu suka zama Masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu. Kafin nan, a 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Ƙaraye zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya tare da Bichi da Rano da Gaya, sannan a watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka. Cikin shekara biyar tsarin mulkin gargajiyar yankin ya sauya sau uku. Kowane sauyi irin wannan na nufin ofisoshi su canja hannu, ma'aikata su tashi, fayil-fayil su yi ƙaura. Abin da talaka ke buƙata shi ne shaidar gonarsa da takardar haihuwar ɗansa su zauna daram ko wa ke kan kujera.

Ga kuma nisa. Madatsar ruwan Chalawa da ke ƙasar Ƙaraye tana kimanin kilomita 90 daga birnin Kano, Rogo kuwa tana gaba, kusa da iyakar Kaduna da Katsina. Wanda faifansa ya mutu a Kano zai iya leƙawa Titin Beirut a yinin. Idan ba a samu irinsa ba a aika Legas. Wanda nasa ya mutu a Rogo sai ya fara rubuta takardar neman kuɗi, a jira sa hannu, a tura mutum birni. Kwanakin da ke tsakanin mutuwar faifai da isowar madadinsa su ne ma'aunin da ya kamata sakatariya, ko asibiti, ko cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, ko ƙaramin banki ya auna zaɓinsa da shi.

Iyakar farko: abin da katin ya yarda da shi

Dabarar dunƙule faya-fayai ana kiranta RAID, sunan da ya yaɗu daga wata maƙala da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar a 1988. Tana da matakai, kowanne da sharaɗinsa. RAID 0 na rarraba bayanai a kan faya-fayai ba tare da wata kariya ba, faifai ɗaya ya mutu komai ya tafi. RAID 1 na buƙatar faifai biyu, kowanne kwafin ɗan'uwansa. RAID 5 na buƙatar aƙalla uku, yana ajiye wani lissafi da ake cike gurbin faifai ɗaya da shi idan ya mutu. RAID 6 na ajiye lissafi biyu, saboda haka yana jure mutuwar kowane faifai biyu. RAID 10 na buƙatar aƙalla huɗu, ana jera su bibbiyu, kuma yana jure mutuwar biyu matuƙar ba 'yan gida ɗaya ba ne.

Lissafin a sarari yake. Faifai huɗu masu terabait 4 kowanne za su ba da terabait 16 a RAID 0, da 12 a RAID 5, da 8 a RAID 6 ko RAID 10. Ko wannan ma a takarda ne, domin kamfanonin faifai na ƙirga da dubu-dubu, kwamfuta kuwa da 1024, shi ya sa faifai mai terabait 4 ke bayyana a matsayin kimanin 3.64. Idan kuma ɗaya daga cikin huɗun mai terabait 2 ne, katin zai ɗauki dukkansu a matsayin masu terabait 2, sai RAID 5 ɗin ya sauko zuwa terabait 6. Ƙaramin faifai ne ke yanke wa manya girma.

Ba kowane kati ne kuma ke iya kowane mataki ba. A jerin katunan PERC na kamfanin Dell, H330 ba ya yin RAID 6, ba shi da ma'ajiyar wucin gadi, ba shi da batir; H730 kuwa yana da su duka. Uwar garke biyu za su iya yin kama ɗaya a ido, suna ɗaya a jiki, amma katin da ke ciki ya bambanta, kuma takardar kwangilar da ta ambaci sunan na'urar kawai ta bar wannan ƙofa a buɗe. Haka nan waɗannan katuna ba sa yarda a gwama faifan SAS da na SATA a ƙagaggen faifai guda, ko mai juyawa da na SSD, ko masu sassa na bait 512 da masu sassa na bait 4096. Faifan ko-ta-kwana, wanda ke zaune cikin na'urar yana jiran wani ya mutu ya maye gurbinsa, dole ya zama irin nasu, girmansa kuma ya kai nasu ko ya fi. Saboda haka faifan da aka samo cikin gaggawa ranar matsala zai iya shiga ramin ya kunna fitila, katin ya ƙi karɓarsa.

Akwai iyakokin adadi, kamar ƙagaggun faya-fayai 64 a kati guda da 16 a rukuni guda a katunan Dell da dama, amma ƙaramin ofis ba zai kai can ba. Wadda za ta fi cin karo da shi ita ce ta terabait 2: tsohon tsarin raba faifai na MBR ba ya ganin abin da ya wuce kimanin haka, sai an yi amfani da GPT, kuma idan daga wannan faifan na'urar za ta tashi sai an saita ta a kan UEFI tun farko.

Iyaka ta biyu: ba a komawa baya cikin sauƙi

Abin da ya sa wannan kwata na awa ke da nauyi shi ne yawancin abin da aka zaɓa ba ya warwaruwa. Ana iya ƙara wa ƙagaggen faifai girma a wasu katuna, amma ba a rage shi. Ƙarin ma yana da sharaɗi: a katuna da dama, idan an yanka rukunin faya-fayai guda zuwa ƙagaggu biyu ko uku, hanyar faɗaɗawa ta toshe. Sauya mataki daga RAID 5 zuwa RAID 6 na yiwuwa a wasu katuna idan an ƙara faifai, sai dai aikin na iya ɗaukar kwanaki, kuma a duk tsawon lokacin faya-fayan na cikin matsi. RAID 10 kuwa galibi ba a sauya shi zuwa wani mataki sai an rushe an sake gini. Rushewa da sake gini na shafe duk abin da ke ciki.

Ma'anar wannan ga ofis ita ce kuskuren ranar farko ba ya gyaruwa sai an sami wata ma'ajiya mai girman ta farko, an kwashe komai, an dakatar da aiki. Ofishin da ya sha wahala kafin ya sayi uwar garke guda ba shi da ta biyu da zai kwashe kaya a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyaka ta uku: wuta

Katunan da ke da ma'ajiyar wucin gadi suna ƙara sauri ta wata dabara: suna karɓar bayani su shaida wa kwamfuta an rubuta, alhali yana hannunsu bai kai faifai ba tukuna. Idan wuta ta ɗauke a wannan tsakanin, batirin da ke jikin katin ne ke ceton abin da ke hannu. Batirin nan yana tsufa, zafi kuma na gaggauta tsufansa. Idan katin ya ga batirin ya raunana, yakan koma rubutu kai tsaye da kansa, sai na'urar ta yi nauyi, ma'aikata su fara ƙorafi. A nan ne wani mai gyara zai iya tilasta wa katin ya ci gaba da dabarar sauri ko babu batir. Saurin zai dawo, amma ɗaukewar wuta ta gaba na iya barin rumbun bayanai a gurɓace. RAID 5 da RAID 6 suna da ƙarin rauni a nan, domin idan wuta ta yanke bayan an rubuta bayani kafin a rubuta lissafinsa, biyun za su saɓa wa juna, kuma ba lallai a gane ba sai ranar da aka nemi lissafin ya cike gurbi.

Wannan ba hasashe ba ne a Arewa. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama, har da Kano, sun shafe kwanaki a jere babu wuta bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. A ranakun da ba a kai ga haka ba ma, wutar KEDCO ta zo ta tafi, a tayar da janareta, a koma inbata, kowane sauyi gwaji ne ga batirin katin. Na'urorin gwanjo da aka yi amfani da su shekaru a Turai sukan zo da batirinsu na asali. Mai saye ya cancanci ya ga shafin da ke nuna lafiyar batirin da idonsa kafin ya sa hannu a takardar karɓa, kuma UPS da ke iya umartar uwar garke ta kashe kanta cikin tsari ba kayan alatu ba ne a irin wannan wuri.

Iyaka ta huɗu: kwanakin jiran faifai

A nan ne hujjar guje wa RAID 5 ta fi ƙarfi. Da zarar faifai ɗaya ya mutu, RAID 5 ya zama ba shi da sauran kariya har sai an sa sabo an gama sake gina shi. Ginin kansa ba gajere ba ne. Faifai mai terabait 8 da ake rubutawa da saurin megabait 150 a daƙiƙa na buƙatar kusan awa 15, idan ba a katse ba kuma babu mai amfani da na'urar. Idan ana aiki a kanta, yini biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. A haɗa da kwanakin neman kuɗi da tafiya Kano, sai a ga bayanan ofis sun yi mako ko fiye suna tsaye a kan ƙafa ɗaya.

A wannan lokacin ne kuma faifai na biyu ya fi saurin bin na farko. Faya-fayan da aka saya rana ɗaya daga kwali ɗaya sun yi aiki awanni iri ɗaya cikin zafi iri ɗaya, kuma sake gini na tilasta a karanta kowane lungu nasu. Takardun faya-fayan kwamfutar gida sukan nuna yiwuwar kuskuren karatu guda a cikin kimanin terabait 12.5, na manyan ma'aikatu kuwa sun fi su da ninki goma. Wannan adadi iyakar alkawarin kamfani ne, faya-fayai da yawa sun fi shi kyau a aikace. Duk da haka, sake gina RAID 5 mai faifai huɗu na terabait 4 na nufin karanta terabait 12 ba tare da tuntuɓe ba, kuma wannan ya yi kusa da iyakar fiye da yadda hankali zai kwanta. Irin faifan ma abin dubawa ne: a 2020 aka gano cewa wasu faya-fayan WD Red na kamfanin Western Digital suna amfani da dabarar rubutu ta SMR, wadda ke sa sake gini ya yi jinkiri ƙwarai ko ya tsaya.

Sai zafi da ƙura. Yawancin waɗannan na'urori an tsara su su yi aiki tsakanin digiri 10 zuwa 35 a ma'aunin Salsiyos, alhali a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin ƙasar Kano kan kai 40. Hunturu kuma na cusa ƙura a fankokin na'ura. Ɗakin da na'urar sanyaya shi ke mutuwa tare da wuta yana rage wa faifai da batir kwana.

Abin da masu akasin ra'ayi za su ce

Hujjar farko ita ce kuɗi. RAID 6 ko RAID 10 a faifai huɗu na cinye rabin abin da aka saya, kuma a lokacin da kayan nan ke bin farashin dala, wannan asara ce da ake gani a takarda. Hujjar tana da nauyi, sai dai tana ɗauka cewa ofishin na buƙatar terabait 12 ɗin. Jerin albashi da rajistar marasa lafiya da takardun filaye, ko da an haɗa da hotunansu, da wuya su cika ƙaramin kaso na haka a ofishin ƙaramar hukuma. Filin da ake tsoron rasawa galibi fanko ne. Ƙaramin ofis ma zai iya wadatuwa da RAID 1 mai faifai biyu da na ukunsu a matsayin ko-ta-kwana, tsarin da ya fi kowanne sauƙin fahimta da sauƙin ceto.

Hujja ta biyu ita ce a bar uwar garke gaba ɗaya a ajiye komai ta intanet a manyan cibiyoyin adana bayanai, irin wadda kamfanin Galaxy Backbone na Gwamnatin Tarayya ya gina a Kano. Wannan hanya ce mai kyau ga kwafi na biyu. Amma asibitin da ke karɓar mara lafiya da dare, ko cibiyar da ɗalibai ke rubuta jarrabawa a kan ƙayyadadden lokaci, ba za su jira sabis ya dawo ba. Jarrabawar JAMB kanta, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, tana gudana ne a kan uwar garken da ke cikin cibiyar. Matsalar da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas a jarrabawar 2025 ta manhaja ce, ba ta faifai ba, amma ta nuna yadda saiti guda a kan uwar garke ke iya taɓa rayuwar dubban iyalai.

RAID ba kwafin ajiya ba ne

Ko an yi zaɓi mafi kyau, ƙagaggen faifai na kare ofis ne daga abu guda, wato mutuwar faifai. Idan ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, katin zai goge shi a dukkan faya-fayan a take. Idan mugun shiri mai kulle bayanai don neman fansa ya shiga, duka zai kulle. Gobara da ɓarawo da tsawa ba sa tambayar matakin RAID. Katin kansa yana iya mutuwa, kuma faya-fayan ba za su karantu ba sai a kan kati mai dangantaka da shi. A nan ma umarni guda na kuskure, wato a share tsohon tsari maimakon a shigo da shi, na iya ɓatar da hanyar komawa ga bayanan. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, kuma abokan cinikin da ba su da kwafi a wani wuri sun rasa bayanansu duk da ingancin na'urorin.

Manomin Rogo da ke zuba wani kaso na masararsa a rumbun gida ya kai wani kaso wurin ɗan'uwansa ya riga ya san wannan ƙa'ida. Masana na cewa a riƙe kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani gari. Faifan waje da ake kai wa wani ofis duk Juma'a ya fi babu nesa ba kusa ba, matuƙar ana gwada dawo da bayanai daga cikinsa lokaci-lokaci. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin kare su daga ɓacewa da lalacewa, saboda haka batun ya wuce na ganin dama.

Kammalawa

Gyaran da ake buƙata ba ya neman shugaban ofis ya zama injiniya. Yana neman takardar kwangila ta faɗi sunan katin da lambarsa, da matakin RAID da dalilin zaɓensa, da irin faya-fayan da girmansu. Ta tanadi faifan ko-ta-kwana a cikin na'ura da wani a kabad, waɗanda aka saya tun ranar farko lokacin da irinsu ke kasuwa. Ta wajabta nuna lafiyar batiri, da horar da ma'aikacin ofis ya gane fitilar gargaɗi, domin faifan da ya mutu ba wanda ya lura daidai yake da rashin kariya. Kafin a zuba bayanai kuma, a zare faifai ɗaya a gaban shaidu, a ga na'urar ta ci gaba da aiki, a mayar a ga tsawon lokacin da sake ginin ya ɗauka, a rubuta.

Jami'o'i da kwalejojin Kano, tun daga Jami'ar Bayero, suna da rawar takawa wajen samar da irin wannan jagora da Hausa, a shafi ɗaya ko biyu, da sakataren mulki ko jami'in sayen kaya zai karanta ya gane. Tambayar da ya kamata jagoran ya fara da ita mai sauƙi ce: idan faifai ya mutu yau a Rogo, kwana nawa madadinsa zai yi kafin ya iso, kuma faifai nawa ofishin zai iya rasawa a cikin waɗannan kwanaki? Amsar wannan tambaya ce ya kamata a shigar a shafin katin ranar da ake haɗa na'urar.